Ruwan Auta

Hanya biyu aka shimfiɗa mana a asibitin, ɗaya a takarda, ɗaya da baki. In muna son a bi kadin abin da ya kashe yaron, gawa za ta kwana a mutuware, a jira rahoton hukuma, a jira likitan da zai buɗe ta ya duba, kuma babu mai ce mana ga ranar gamawa. In kuwa gawarmu muke so yanzu, sai Baba ya sa hannu cewa mun ɗauki abinmu da kanmu, ba mu bin kowa komai. Mutumin da ya yi mana bayanin ba mugu ba ne. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, tun hantsi yake karɓar masu rauni, kuma yana magana yana kallon ƙasa.

Baba bai shawarce ni ba. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, la'asar ta gota, ya ce, "Ba ni abin rubutun." Ya sa hannu da ajami kamar yadda ya saba. Ni ne babba a ɗakinmu, ni ne malamin firamare, ni ake turawa duk inda magana ta zama ta takarda, kuma na san sarai abin da muka sallama da wannan ɗan layin tawada. Amma ban ce uffan ba. Inna na gida tana jira, ban ga bakin da zan koma da shi in ce mata an bar autanta a firji za a tsaga shi ba.

Ranar Alhamis ce, 1 ga Agustan 2024, ranar farko ta zanga-zangar tsadar rayuwa da aka shirya yi kwana 10 a faɗin ƙasa. Shekarun Auta 19. Ba zan rubuta sunansa na yanka ba, a gida ma ba kowa ke kiransa da shi ba. Yaron shagon walda ne a nan cikin Katsina, shekara huɗu yana koyo, ya kai matsayin da maigidansa kan bar masa ƙyauren gida guda ya haɗa shi kaɗai. Ita kuwa walda wuta take ci. In ba a kawo wuta ba sai inji, inji kuwa sai mai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 600, ƙarfe ya tashi, masu gini suka naɗe hannu. Sati kan zagayo ba su kunna inji ba. A watan Yunin 2024 alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna farashin abinci ya hau da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Mu dai tiyar masara ta riga su gaya mana, don tun kafin nan tukunyar gidanmu ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini.

Daren Laraba na ce masa kada ya fita. Malamai da dama sun yi ta jan kunne a kan mumbari, Baba ma yana bayansu. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ai kana da albashi. Ko bai isa, ana dai ba ka." Doguwar maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da safe aka dama koko, ya zura silifas ya fice.

Mu uku muka wanke shi: ni, da Kawu, da wani dattijo maƙwabcinmu da ya saba da wankan gawa. Kafin a fara, abokansa da suka cika zaure suka ta da magana, wai shahidi ne, ba a wanke shahidi, a rufe shi da kayan jikinsa. Liman ya zaunar da su. Ya ce wanda ba a wankewa shi ne wanda ya faɗi a fagen fama. Wanda aka kashe bisa zalunci kuwa ana yi masa fatan ladan shahada a wurin Allah, amma a nan duniya sai a wanke shi, a yi masa sutura, a sallace shi kamar kowa. Suka yi shiru, ba don sun gamsu ba.

Ni kam na gode Allah da aka yi wankan, domin shi kaɗai ne binciken da gawar ta samu. Da muka kwantar da shi kan haggunsa don mu wanke dama, sai na ga hudar: 'yar mitsitsiya, ba ta fi kan ɗan yatsa ba, a ƙasan kafaɗa, ta baya. Ta gaba kuwa sai da muka canja auduga sau uku kafin jini ya bar ɓata ƙyalle. Ni ba likita ba ne, amma yaron mafarauci ma ya san inda harsashi ya shiga da inda ya fita. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Ya ce, "To, riƙe." Ya ci gaba da zuba ruwan magarya. A damtsensa akwai 'yan ɗige-ɗigen ƙunar tartsatsin walda, sababbi da tsofaffi. Su na tsaya ina cuɗawa har Kawu ya ce in bari, ba datti ba ne.

A ƙofar gida aka sallace shi, kabbara huɗu, ƙaurin barkonon tsohuwa bai gama barin iska ba. Kawu ya yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya nemi yayansa. Muka saɓi makara sai maƙabartar Ɗan Marna, ta lungu ta lungu, don titi ba ya biyuwa. Damina ce, ƙasa ta sha ruwa, masu haƙa ba su wahala ba. Ni na shiga na karɓe shi, na kwantar da shi kan damansa yana fuskantar gabas, aka jera fasassun tukwane, aka toshe ƙofofin da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tura. A maƙabartar nan aka rufe Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010, wanda a zamaninsa kuɗin mai ya sauko har naira 65. Ban tuna da wannan a ranar ba, sai daga baya wani abokinsa ya faɗa, yana dariyar da ta fi kuka ciwo. Kafin magariba mun dawo. Abin da ya shigo gidan daga wurin da ya faɗi silifas ne ƙafa ɗaya, wanda abokansa suka tsinto.

Zaman makokinmu bai yi kama da na kowa ba. An sa dokar hana fita, awa 24 a Dutsin-ma, sauran jihar kuma daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, saboda haka da rana ta yi sanyi sai masu gaisuwa su fara duban agogo. Ana zuwa, ana cewa ya haƙuri, muna cewa mun gode Allah. Kwana ya ƙare. Wa'adi ne. Duk mun yarda da wannan, babu Musulmin da zai yi jayayya da shi. Amma akwai wata magana da ba a faɗa mana ido da ido, a gefen tabarma ake yin ta, murya ƙasa-ƙasa: "To shi ma wa ya aike shi?"

Wannan tambayar ta fi kwana da ni fiye da komai, wataƙila don ni ma irinta na yi masa daren Laraba. Ba zan ɓoye ba, an yi ɓarna a kwanakin. A wasu wurare an fasa, an ƙona, an kwashi kayan mutanen da su ma yunwar ce ke cin su. Daga baya wasu sun ɗaga tutar Rasha, har aka kama teloli. Duk an yi. Amma ɓarawo ma kotu ake kai shi. Ni da bakina nake gaya wa yara a aji cewa sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa damar taruwa cikin lumana. Kuma in mutum ya mutu a mota ba ma cewa wa ya aike shi Kano. Sai in mai kayan sarki ne ya harbe shi, sannan muke juyawa mu tuhumi gawa, don ita ce ba ta iya rama magana. Ranar Lahadi, 4 ga wata, muna naɗe tabarmi, Shugaba Tinubu ya yi jawabi: ya yi jimamin rayukan da aka rasa, ya nemi a dakatar da zanga-zanga a zo a tattauna. Tallafi bai dawo ba. Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Baba magana ɗaya ya riƙe: "Na bar su da Allah." Daga ita bai ƙara ba, kuma tun daga ranar ya bar ambaton yaron kwata-kwata, ko da sunan Auta. Inna kuwa "Allah ya isa" take yi, bayan kowace salla, a bayyane. Wata malama ta zo ta yi mata nasiha cewa ta yafe don ta samu lada. Inna ta ce, "Malama, wa zan yafe mawa? Ya zo ya ce shi ne, sannan in ga ko ina iyawa." Da farko na ɗauka su biyun sun rabu, ɗaya ya haƙura, ɗaya ta ƙi. Sai a hankali na gane abu guda suke faɗa. Barin mutum da Allah ba yafewa ba ne, ɗaukaka ƙara ce zuwa kotun da ba a neman takardar likita. Sai dai masu iko sun daɗe da sanin cewa in talaka ya faɗi wannan kalmar, to nan duniya fayil ya rufe.

Bayan sadakar bakwai na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Maganar dattijon nan ce ta tsaya mini, "riƙe", ni kuwa na san kai ba ya riƙe abu yadda yake. Yau ka tuna shi haka, baɗi ka tuna shi yadda ka ji ana ba da labarinsa. Na fara da abin da idona ya gani wurin wanka, na zana kafaɗa, na sa ɗigo inda hudar take. Sannan na bi abokansa uku da suke tare da shi. Ban haɗa su wuri guda ba, don in ka tara shaidu sai mai bakin cikinsu ya ja sauran. Kowa na same shi shi kaɗai, ɗaya a bayan shago, ɗaya a teburin mai shayi, ɗaya sai da na bi shi ƙauyensu, can uwarsa ta tura shi ya ɓuya. In mutum ya gama sai in karanta masa abin da na rubuta, ya gyara, in sa kwanan wata. Ban rubuta sunan kowa ba, alama na yi wa kowannensu.

Sun haɗu a kan abu huɗu: kwali ne a hannunsa, an rubuta "Yunwa" da gawayi, an fara da barkonon tsohuwa, sannan ƙarar ta canja, suna gudu ne ya faɗi, kuma su suka sa shi a tsakiya kan babur. Sun saɓa a kan irin motar da irin kakin, shi ya sa har yau ban rubuta ko su wane ne ba, ba kuwa zan ɗora wa kowa da zato ba. Ɗaya ya ce silifas ɗinsa ne ya fita ya ɗan dakata. Ɗayan ya rantse bai dakata ba. Na rubuta duka biyun. Da son raina ne da na ce wani yaro ya tsaya ceto, ko wata tsohuwa, don irin labarin da mutane ke son yaɗawa ke nan. Babu wanda ya ce haka. Wani ƙaramin asibitin kuɗi da suka fara tsayawa ya ƙi taɓa shi sai da takardar hukuma, alhali tun 2017 akwai dokar da ta wajabta a duba wanda aka harba nan take ba tare da jiran wata takarda ba. Yaran ba su san da dokar ba, in ma sun sani, wa zai tsaya karanto doka da mutum yana zubar da jini a cinyarsa?

Da littafin na tafi wani ofishi da ke karɓar irin wannan koke. An karɓe ni da mutunci, an ba ni kujera. Aka ce in kawo takardar likita mai nuna sanadin mutuwa, da hotunan raunin, da shaidu da cikakken sunansu da lambar waya da sa hannu. Takardar likita mun sallama ta da la'asar ɗin nan. Hoto kuwa, wa ke ɗaukar hoton ƙanensa a kan tabarmar wanka? Wani lauya, ɗan ajinmu a sakandare, ya ce ana iya shigar da ƙara a nemi diyya, amma ba mamaki a kai ga neman a tono shi. Ban ma kai wa Baba wannan maganar ba.

Saura shaidu. Biyu sun fara yarda. Sai ga 1 ga Nuwamba, aka nuno yaran da aka kama tun Agusta a gaban kotu a Abuja, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa, ƙasusuwan wuya a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Bayan 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni aka sake su, amma duk uwar da ta ga hoton nan ta gama yanke shawara. Ɗaya daga cikin shaiduna ya zo har gida ya ce, "Yaya, ka yi mani haƙuri." Na ce babu komai, kuma da gaske nake. A Samarun Zariya, inda aka harbe wani yaro ɗan shekara 16 a kwanakin, rundunar soja ta fito ta amsa cewa sojanta ne, ta ce ta tsare shi. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Su sun samu wanda za su yafe mawa."

A ƙarshen Nuwamba ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta fitar da rahotonta: aƙalla mutum 24 aka kashe a Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Neja, an tsare fiye da 1,200. Rundunar 'yan sanda ta ƙaryata. Na karanta labarin a waya sau ba adadi, kalma ɗaya ce ta riƙe ni: aƙalla. Babu wanda ya zo gidanmu ya ƙirga mu, mu ma ba mu kai kanmu ba. Wanda aka harba da hantsi aka rufe kafin magariba, ba takarda ba hoto, a cikin wannan kalmar yake kwance.

Basussukansa tun kafin arba'in muka biya. Ba su da yawa: mai shayi, mai cajin waya wanda ya ce ya yafe, da wani da ya ba shi kafin alƙalami na tagogi biyu, abokansa suka ƙarasa aikin. Abin da ban sani ba shi ne yana zubin adashi da 'yan layinsu na walda. Da ya rasu ba su cire sunansa ba, suka riƙa cike masa zubinsa a tsakaninsu. A Disamba kwasarsa ta zo, maigidansa ya kawo naira 60,000 a leda ya ajiye gaban Baba. Kuɗin mamaci gado ne, ba a taɓa shi sai an raba. Liman ya raba a zaure cikin minti biyu: tun da ba shi da mata ba shi da ɗa, kuma yana da 'yan'uwa, uwa tana da sudusi, sauran na uba, mu 'yan'uwa uba ya kare mu. Aka kai wa Inna 10,000. Ta ƙi karɓa da hannunta. Ta ce a saya wa mutane ruwa da su.

Liman ya ji daɗin maganar, ya kawo labarin Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce ta mahaifiyarsa ce. Baba ya tura nasa kason ba tare da ya ce komai ba. Rijiyar burtsatse ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Sai muka tsaya kan abin da iyayenmu suka saba: randuna a bakin hanya.

Ashe ajiye randa ma aiki ne. Na fara da mai unguwa, don ba a kafa abu a bakin titi bai sani ba. Ya saurare ni, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Malam, randa ce kawai, ko da wata magana a ƙarƙashinta?" Na ce randa ce. Ya nuna mana gindin wani bedi a mararraba, inda masu kurkura ke tsayawa, almajirai da 'yan makaranta ke wucewa. Gwaggo ce ta raka ni wurin masu tukwane, don ta ce namiji bai san randa ba. Kowace sai ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ta kasa kunne. Mai ƙara garau ta gasu, mai dusasshiyar murya tana da tsaga ko ba a gani. Muka zaɓi uku. Kwana uku ana cika su ana zubarwa kafin warin ƙasa ya fita. Aka samo yashi da za a jiƙa a gindinsu, da buhun algarara da za a naɗe su don ruwan ya yi sanyi, da murafu, da moɗa biyu. Na yi ciniki da wani ɗan garuwa ya riƙa juye jarka shida kullum da safe. Kuɗin Auta sun ɗauke mu 'yan watanni, daga nan abin ya dawo kan albashin nan da ya ce ko bai isa ana dai ba ni.

Mazaunin randunan 'yan shagonsu suka ce ba mai yin shi sai su. Maigidansa ya ba da guntayen ƙarfe da rodi, suka riƙa aiki da dare in an kawo wuta. A nan rigima ta tashi. Suna son allo a sama, da sunansa, da hotonsa, da kwanan wata, da layi guda mai cewa an kashe shi yana neman haƙƙinsa. Baba ya ce atafau. Sadakar da aka rataya wa suna ta kama hanyar riya, in ji shi, kuma yana da sauran 'ya'ya, ba ya son a riƙa nuna gidansa da yatsa. Yaran suka ce wannan tsoro ne aka sa wa rawani. Ni ina tsakiya, kuma gaskiya zuciyata tana wurin yaran. Mu ba mu gina kabari, ba mu kafa gunki, ba mu kunna kyandir, na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. To amma in kabari ba suna, takarda babu, randa ma ba suna, nan da shekara goma me zai nuna an taɓa yin wani yaro da aka harba ta baya?

Inna ce ta raba gardamar, daga bayan labule. Ta ce, "Ruwa na ce a ba mutane, ban ce a ba su karatu ba. Wanda ya sha ya ji sanyi, shi zai tambaya na wane ne. In ya tambaya ku gaya mashi duka." Aka bar allo. Aka ɗaure moɗa da 'yar sarƙa, don an ce in ba haka ba kwana biyu ba ta yi. Kuma maganarta ta fito, ana tambaya. Mai facin da ke wurin ya zama shi ne mai ba da amsa, har ya fi ni iya jero labarin, sai dai lokaci-lokaci nakan je in rage masa gishiri.

Sai bayan wata biyu, na duƙa ina canja yashi, na ga abin da yaran suka yi. A cikin ƙarfen ƙasa, ta ciki, inda ba mai gani sai wanda ya durƙusa, sun rubuta da bakin walda: 1-8-2024. Ban gaya wa Baba ba.

Saura sati biyu da 'yan kwanaki ya cika shekara, Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, aka rufe shi a Daura ranar 15. An ba da hutu, an sassauto da tuta kwana bakwai, jirage suka yi ta sauka a Katsina. Allah ya jiƙansa, ba na yi wa mamaci hassadar jama'a. Amma abin ya zuga abokan Auta, suka zo da shawarar a buga riguna da hotonsa a yi jerin gwano zuwa maƙabarta. Ni da na goyi bayansu a kan allo, a nan na ƙi. Na ce na wanke ɗaya, ba zan wanke na biyu ba. Wani ya ce, "Yaya, ka zama Baba." Ban musa ba.

1 ga Agustan 2025 ta faɗo ranar Juma'a. Da sassafe na je Ɗan Marna ni kaɗai. Damina biyu ta kwantar da kabarin, sababbi sun kewaye shi, da ba don guntun rodin da aka soka a gefen kai ba da sai na yi ta lalube. Bayan an sauko daga masallaci muka yi sauka a zaure, mutum 30, kowa izu biyu. Wasu daga cikin abokansa ba su zauna ba, su a fahimtarsu taron cika shekara bidi'a ne. Ba su yi gardama da kowa ba, suka karɓi kurar ɗan garuwa suka yini suna jido, duk wanda ya wuce mararrabar ranar ya sha, har masu kurkura suka cika goruna. Inna ta soya waina aka raba wa almajirai.

Da la'asar ta kira ni ɗaki ta ce in karanta mata littafin. Ba ta taɓa nema ba. Na karanta tun daga daren Laraba har zuwa ofishin, ban tsallake wurin wanka ba, don ta ce kada in tsallake komai. Ba ta yi kuka ba. Gyara ɗaya ta yi mini. Na rubuta cewa ya sha koko ya fita, ta ce, "Bai shanye ba. Ya ce in rufe mashi sauran." Na ja layi na gyara, na sa kwanan wata.

Da na fito sai aka ce Baba ya tafi mararraba, wai yau shi zai wanke randunan da kansa. Na bi shi da sauri. Na tarar ya naɗe hannun riga, ya sauke ta tsakiya, ya durƙusa yana kwashe tsohon yashi. Na ga lokacin da hannunsa ya tsaya. Ya sunkuya sosai, ya share ƙarfen da tafin hannu, ya bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a haka. Na shirya jin faɗa.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce yaran shago ne.

Ya sake shafawa. "Dubi takwas ɗin nan yadda ta karkace. Hannun nan bai kai na Auta ba." Ya miƙo mini bokiti. "Ɗebo yashi."